Injin yankan ciyawa na hannu: wanne zan ɗauka cikin ukun nan?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum manyanmu da abokan sana'a. Shawara na zo nema, kuma ina roƙon duk wanda ya san abin nan ya saka baki, don kuɗin da zan fitar gumina ne na shekara biyu.

Gidaje 14 nake kula wa da ciyawa, sai harabar wani ofis mai ɗan faɗi. Ni da yarona ɗaya muke yi. Tun farawa da ƙaramin injin gida nake aiki, irin wanda aka ƙera don maigida ya aske filinsa sau ɗaya a mako, ni kuwa kwana shida yake yi a bakin aiki. Yanzu ya gaji. Tayoyin gaba sun karkace, kaskon da ya rufe wuƙa ya tsage a gindin hannu, walda biyu aka yi masa, kuma da ciyawa ta ɗan yi kauri sai ya shaƙe ya mutu.

Sabo irin na 'yan sana'a ya fi ƙarfin aljihuna, shi ya sa nake neman na hannu, wanda ake bin sa a ƙafa. Na samu guda uku. Akwai Honda HRC216 mai faɗin yanka inci 21. Akwai mai inci 36 mai bel da giya, injin Kawasaki FS481V ne a kansa, mitarsa ta nuna awa 940, fenti duk ya goge. Sai babban, mai inci 48, haidiro, wato wanda famfon mai yake tuƙa tayoyinsa maimakon bel, mita awa 310, yana ta ƙyalli a hoto. Shi na ukun zai cinye duk abin da na tara, amma gaskiya zuciyata tana kansa. Me kuka gani?

Mai Gangara:
Wa alaikumus salam. Ɗauki haidiro, ƙanena, kada ka tsaya dogon tunani. Shekara shida na yi da mai bel kafin na canza, kuma ba zan koma ba. Haidiro kowace taya da famfonta, ka matse hannu ya tafi, ka ja ya dawo baya nan take, ka juya shi a inda yake tsaye. Mai bel da safe in akwai raɓa, bel ɗin taya ya jiƙe ya riƙa sulɓi, kai ne za ka koma tura kilo kusan 200 da ƙirjinka. Ribas ɗinsa kuma suna ne kawai, yawanci da hannu ake jan shi baya. Awa 310 ai inji bai ma gama buɗe ido ba.

Maman Biyu:
Kafin a shiga maganar bel da haidiro, Sabon Shiga, ka auna ƙofofin gidajen nan 14? Ba babbar ƙofar mota ba, ƙaramar da ake bi a shiga filin baya.

Sabon Shiga:
Wallahi Anti ban auna ba. Da ido dai na san wasu ƙanana ne.

Maman Biyu:
To gobe ka ɗauki tef ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka rubuta a takarda. Ni abin ya ci ni, shi ya sa nake faɗa da ƙarfi. Shekarar da na faɗaɗa aiki na sayi mai inci 48, lafiyayye, babu abin da ya same shi. Ranar farko muka sauke shi a gidan wata tsohuwar kwastomata, muka tura shi bakin ƙofar lambu, ya tsaya cak, saura kusan tafin hannu biyu ya shige. Muna tsaye muna kallonsa, matar gidan tana kallonmu ta taga. A ƙarshe ƙaramin muka sauko da shi muka yi aikin. Fiye da rabin gidajena haka abin ya kasance, wata bakwai yana zaune a tirela ana yawo da shi kamar fasinja kafin na samu mai saye.

Inci 48 santimita 122 ne, kuma wannan faɗin yanka ne kawai. Jikin kaskon ya fi haka, ga bakin fitar ciyawa a gefe. Mai inci 36 santimita 91 yake yanka, in ka ɗaga murfin bakin fitarwa jikinsa wajen 95 ne. Shi ya sa ake yin girman nan tun asali, don ya bi ƙananan ƙofofi.

Ɗan Lissafi:
Bari in ɗora a kan maganar Anti da alƙalami. A ce tafiyar kilomita 5 a awa kake yi da kowannensu. Mai inci 21 santimita 53 yake ci, wato murabba'in mita 2,650 a awa. Mai 36 zai ba ka 4,550, mai 48 kuma 6,100. Cire kashi ɗaya cikin biyar saboda juyawa da hawa kan layin da aka riga aka yanka, ya rage 2,120 da 3,640 da 4,880.

Gidan da ciyawarsa murabba'in mita 400 ce, ƙaramin zai ɗauki minti 11, mai 36 ƙasa da minti 7, mai 48 minti 5. Ka ga daga 21 zuwa 36 an samu riba mai kauri, amma daga 36 zuwa 48 ko minti biyu ba ta cika ba a gida ɗaya. Sai a babban fili ake ganin bambanci. Harabar ofishin nan nawa ce?

Sabon Shiga:
Za ta kai murabba'in mita 6,000. Yanzu rabin yini take cinye mana.

Ɗan Lissafi:
To ƙaramin awa 2 da minti 50, mai 36 awa 1 da minti 39, mai 48 awa 1 da minti 14. Minti 25 ne tsakanin manyan biyun, sau ɗaya a mako.

Mai Gangara:
Lissafin yana da kyau a takarda, amma ka ba su gudu ɗaya. Haidiro in ka maƙala masa ɗan dandamalin tsayawa mai taya a baya, ka hau, ba tafiyar ƙafa kake yi ba kuma. Sannan lissafinka bai saka gajiyar mutum ba. Wanda ya yini yana matsa birkin hagu da dama a mai bel ya san yadda yatsunsa suke da daddare.

Bakanike:
Malam Mai Gangara, duk abin da ka faɗa game da haidiro gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. In sabo za a saya kuma da kuɗi a hannu, ni ma shi zan nuna. Amma yaron nan na hannu zai saya, da kuɗin da babu wani a bayansa, kuma nan ne maganar ta canza.

Mai bel, abin da ke tuƙa shi akwatin giya ne ɗan ƙarami, yawanci Peerless mai giya 5, sai bel biyu zuwa tayoyi, sai fuli da sifirin. Duk a fili suke, ka durƙusa ka gan su. Bel ya tsinke a tsakiyar aiki, ka ɗauko na ajiya a akwatin kayanka, da sifana biyu ka canza a gindin bishiya ka ci gaba. Haidiro kuwa famfo biyu ne da moto biyu a jikin tayoyi, irin na kamfanonin Hydro-Gear da Parker, kuma lalacewarsu a ciki take, ido ba ya gani. Famfo in ya fara cin kansa, ɓurɓushin ƙarfe yana bin mai ya shiga moto, sai ka wayi gari gefe guda gaba ɗaya yana neman canji, har da wanke tiyo da tanki. Kuɗin wannan aikin a tsohon inji yakan kusa kamo kuɗin da aka sayi injin.

Abin da ya fi damuna ma shi ne awa 310 ɗin nan. Injin shekararsa nawa, kuma wa ya yi aiki da shi?

Sabon Shiga:
Mai shi ya ce shekara biyar, wai wani kamfanin kula da filaye ne ya sayar masa.

Bakanike:
To yi lissafi da kanka. Injin kamfani in yana awa 5 a rana, kwana 5 a mako, mako 30 kacal a shekara, awa 750 ke nan a shekara ɗaya. Ta yaya zai yi shekara biyar da 310? Ban ce mutumin ƙarya yake ba, mai yiwuwa shi ma haka ya same shi. Mita ƙaramar aba ce, tana mutuwa a saka sabuwa ta fara daga sifili, ana cire mata waya, wata kuma ƙirga take muddin makulli yana buɗe ko inji bai tashi ba. Ni ba na duba ta sai a ƙarshe.

Jikin inji shi ke faɗin shekarunsa. Dubi inda hannu yake kamawa, in fenti ya goge har ƙarfe ya yi santsi yana sheƙi, an daɗe ana riƙe shi. Dubi ramukan da sandunan sarrafawa suke shiga, sabon rami zagayayye ne, tsoho ya koma kamar ƙwai. Ɗaga gaban injin ka girgiza ƙananan tayoyin gaba, in suna rawa a mazauninsu an ci su. Sabon fenti a tsohon inji kuma ba ya sa ni murna, tambaya yake sa ni: me aka rufe?

Tsohon Hannu:
Ina biye da ku tun ɗazu. Ɗana, zan faɗa maka abin da shekaru suka koya mini a aikin nan. Kwastoma bai san sunan injinka ba, bai damu ba. Abin da ya sani, ka ce Talata, ka zo Talata. In ka saɓa sau biyu a jere lokacin da ciyawa take tashi, na uku wani zai gani a filin. Kuma ciyawar da ta wuce mako biyu ba a yanka ba wahala ce biyu, don ba a cire mata fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka ɗaya, in ka aske ta ƙasa lokaci guda sai ta yi ja ta ƙone, laifin ya dawo kanka.

Saboda haka duk wanda za ka saya, kada ya cinye kuɗin duka. Ka bar na gyaran farko, don babu injin hannu da ba ya neman wani abu a watan farko. Tsohon ƙaramin naka kuma kada ka sayar, kada ka yar. Ranar da babban ya kwanta, shi zai fitar da kai kunya.

Sabon Shiga:
Na gode Baba. To Honda ɗin fa? Babu wanda ya taɓo shi.

Tsohon Hannu:
Inji ne na ƙwarai. GXV160 ne a kansa, dangin GX da ake sakawa a janareto da famfon ruwa, silindarsa da rigar ƙarfen zubi, kuma yana da kulocin da ke tsayar da wuƙa inji yana ci gaba da aiki, ka zubar da buhu ba sai ka sake jan igiya ba. Amma faɗinsa ɗaya da wanda kake da shi. Zai daɗe maka, ba zai rage maka lokaci a harabar ofis ba.

Mai Shinge:
A ƙara da cewa Honda ta daina ƙera injinan yankan ciyawa masu fetur a masana'antarta ta North Carolina a Amurka tun 2023. Kayan injin kansa ba matsala ba ne, dangin GX suna ko'ina. Na jiki ne, irin su kebul da kayan tuƙi, ya kamata mutum ya tambayi mai sayar da kayan gyara kafin ya biya. Masu inci 21 na Toro da Exmark ma suna nan, da yawansu da Kawasaki FJ180V. Kamfanonin biyu gida ɗaya ne, Toro ta sayi Exmark a 1997.

Wannan tambayar ta kayan gyara ta shafi duka ukun. Ka ɗauki hoton farantin lamba na jikin injin yankan, da na injin fetur da ke kansa daban don lambobinsu ba ɗaya ba ne, ka kai wa wanda za ka riƙa sayen kaya a wurinsa. Ka ce masa: bel ɗin kasko, bel ɗin taya, boris na sandar wuƙa, wuƙa, filta, akwai a ƙasa ko sai an yi oda? In ya ce sai an jira mako uku, ka san mako uku ne za ka yi babu aiki.

Kuma in farantin lambar an kankare shi ko an ɓamɓare, juya ka tafi ko nawa aka rage maka. Kayan aikin nan ana sace su sosai. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar da sa hannun mai sayarwa.

Sabon Shiga:
Na auna ƙofofin yau. Gida 4 a buɗe suke, komai zai shiga. Gida 7 ƙofarsu tsakanin mita ɗaya da santimita 105. Sauran 3 ba su wuce santimita 85 ba. Wato mai 48 gida 4 kawai zai shiga da ofis. Anti, Allah ya saka da alheri, da na tafka asara.

Duk da haka jibi zan je in ga manyan biyun, wuri ɗaya suke kusan. Oga Bakanike, don Allah me zan duba, daki-daki? Ban taɓa sayen babba ba.

Bakanike:
Da farko kira mai shi ka ce kada ya tayar kafin ka zo. Kana isa ka ɗora bayan hannunka kusa da salansa. In da ɗumi, an tayar, kuma inji mai ɗumi yana ɓoye rabin ciwonsa. Ka ce za ka dawo gobe da safe.

Kafin a tayar, zaro sandar gwajin mai ka shafa a farar takarda ka kalla a rana. Baƙi ba laifi ba ne, tsufa ne. In yana walƙiya kamar an barbaɗa garin ƙarfe, ko ya yi fari-fari kamar madara, ko yana warin fetur, akwai magana. Daga nan buɗe filtar iska, ka cire ta, ka zura yatsa a maƙogwaron da ke bayanta, wanda ke shiga kafireto. Wurin nan ya kamata ya zama tas. In yatsanka ya fito da ƙura, to injin ya sha ƙasa, kuma ƙasa ita ke cinye ringi da silinda. Wannan gwajin na yatsa ya fi mini mita sau goma. Leƙa kuma ƙarƙashin murfin sama ka ga haƙarƙarin silinda. Injinan nan iska ce ke sanyaya su, in busasshiyar ciyawa da maiƙo sun toshe wurin, ya daɗe yana aiki da zafi.

Sai kasko. Cire hular fulogi tukuna, duka biyun in silinda biyu ne, kafin hannunka ya je kusa da wuƙa, wannan ba abin wasa ba ne. Kama bakin wuƙa da tsumma ka ɗaga sama ka danna ƙasa. In ka ji ƙwas-ƙwas, boris ya tafi. In an sassauta bel ka juya ta da hannu, lafiyayya shiru take juyawa, mai ciwo tana gurnani kamar ana niƙa tsakuwa. Ƙwanƙwasa kaskon da sifana, musamman kewayen inda sandar wuƙa ta zauna da wajen bakin fitarwa. Ƙarfe mai rai ƙara yake yi, wanda tsatsa ta ci daga ciki amsawa yake a dushe. Kaskon 'yan sana'a yankakken ƙarfe ne aka haɗa da walda, geji 7 ko geji 10, wato kaurin milimita 4.5 ko 3.4, ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Boris da bel da wuƙa duk kayan canji ne, su ba sa hana ciniki, rage kuɗi suke sawa. Kaskon da ya ruɓe ko ya lanƙwashe shi ne ba ya gyaruwa yadda ya kamata, har abada yankan zai riƙa fita da tudu da kwari.

In an tayar, kalli hayaƙi. Ɗan shuɗi na daƙiƙa kaɗan ya wuce, ana iya zama da shi. Shuɗin da bai tsaya ba bayan inji ya yi zafi, mai yake ci. Baƙi kuma fetur ne ya yi yawa, yawanci kafireto ko filta. Kada ka dogara da gejin matsi kawai, yawancin injinan nan suna da abin da ke sassauta matsi lokacin tayarwa, sai geji ya nuna ƙasa alhali lafiya lau. Mai gyara da ya san aiki iska yake hurawa cikin silinda ya saurari inda take fita.

Sannan ka saki hannu gaba ɗaya wuƙa tana juyawa. Dole inji ya mutu ko wuƙa ta tsaya. In an ɗaure maƙunnin da waya ko salatif don kada ya dami mai aiki, ka sa a gyara kafin yaronka ya taɓa shi.

Haidiro kuwa ka nemi a bar ka ka yi aiki da shi minti 30 cur, sai mai ya yi zafi ya tsinke, sannan ka hau gangara da shi. A sanyi ko mataccen famfo jarumi ne.

Maman Biyu:
In ƙara ɗaya: ka sa ya yanka ciyawa ta gaske, ba ya zagaya a kan siminti ba. Ka yi layi biyu ka tsuguna ka kalla daga ƙasa. In akwai siririn layin da aka bari tsaye a tsakiya, ko gefe ɗaya ya fi gajarta, ka nemi dalili kafin ka biya.

Sabon Shiga:
Na dawo. Zan faɗa muku yadda aka yi.

Babban na fara gani. Ya tashi bugu ɗaya, sautinsa mai daɗi. Amma da na zura yatsa bayan filta, ya fito ja da ƙura, har na ji ta tsakanin yatsuna kamar gari. Ramukan sanduna sun zama ƙwai kamar yadda Oga ya ce. An bar ni na yi yanka da shi. Minti 15 na farko wallahi na ji abin da Yaya Mai Gangara yake faɗa, kamar inji ya san abin da ke raina. Wajen minti 25 sai ya fara ja hagu. Na kai shi wata 'yar gangara, tayar hagu ta riƙa kuka tana jan ƙafa, ta dama tana tafiya. Na leƙa ƙasa, tiyo ɗaya ya jiƙe, ƙura ta manne masa ta yi dunƙule. Na yi godiya na fito.

Mai 36 ba shi da kyan gani ko kaɗan. Na same shi da sanyi, ja biyu ya tashi, ya yi ɗan shuɗin hayaƙi ya ɗauke. Bayan filta tas. Mai shi ya ɗauko wani ɗan littafi duk maiƙo, ya rubuta ranar kowane canjin mai da awar mita, kusan kowace awa 100. Kasko yana ƙara ko'ina, sai wata tsohuwar walda a gefen da yake gogar bango. Wuƙar dama tana ƙwas-ƙwas, bel ɗin taya ɗaya ya tsattsage, tayoyin baya sun yi rabi. Giya biyar duk sun shiga. Ban biya ba, na ce sai na yi shawara.

Mai Gangara:
To, wannan babban kam a bar shi, famfon hagu ya gama. Ban ja da abin da ka gani da idonka ba. Amma ina nan a kan bakana cewa mai bel zai gajiyar da kai, kuma da ka ƙara haƙurin wata biyu za ka iya samun haidiro mai inci 36 lafiyayye. Akwai su, Exmark Viking da Scag SWZ duk an yi su a wannan girman.

Tsohon Hannu:
Wata biyun nan da wane inji zai yi su? Na hannunsa walda biyu gare shi.

Mai Gangara:
Haka ne Baba, wannan ma abin dubawa ne.

Bakanike:
Littafin nan mai maiƙo ya fi mini komai a labarinka. Awa 100 shi ne abin da Kawasaki ta ce a canza mai, filtar mai kuma awa 200, wato mutumin littafin inji yake bi. Tambaye shi yaushe aka saita bawul, don ana duba su duk awa 300. In bai taɓa yi ba, ka sa cikin aikin farko.

Ka lissafa masa boris, bel ɗin taya guda biyu, wuƙaƙe, ka ce a cire kuɗinsu. Boris ka canza na sanduna biyun lokaci ɗaya, tare aka saka su, ɗayan ma yana hanya. Bel ɗin taya ma biyu tare, in ɗaya sabo ɗaya tsoho injin zai riƙa karkata. Waldar gefe ba komai, muddin ba kusa da mazaunin sandar wuƙa take ba.

Tambaya ɗaya: kaskon a kafe yake da jiki ko mai lilo ne?

Sabon Shiga:
A kafe yake.

Bakanike:
To ka sani canza tsawon yanka a irinsa aiki ne, ba fil kawai za ka zare ba. Zobban da ke kan tayoyin gaba ake matsarwa, da na kan wuƙa, wani lokaci har mazaunin tayoyin baya. Zaɓi tsawo ɗaya da ya dace da yawancin gidajenka ka bar shi a nan. A fili mai tudu da kwari kuma ka rage gudu, kafaffen kasko yana saurin ƙwaƙule ƙasa a kan tudu.

Maman Biyu:
Ka tanadi abin hawa da shi mota, katako biyu masu ƙarfi ko gadar ƙarfe, da igiyoyin ɗaurewa. Wannan ba irin wanda ku biyu za ku ɗaga ba ne. Ka saya wa kanka da yaronka abin toshe kunne da gilashin ido. Murfin bakin fitarwa kuma a bakin ƙofa kawai ake ɗaga shi, wuƙa a kashe, kana shiga ka sauke. Na ga tsakuwa ta fasa gilashin taga daga nesa mai yawa.

Sabon Shiga:
Alhamdulillahi, na sayi mai 36 ɗin mako biyu da suka wuce. Ya rage mini kuɗin kayan, kuma abin da ya saura a hannuna ya isa gyaran har da ragi. An canza boris huɗu, bel uku, fulogi, mai da filta, an saita bawul. Harabar ofis da take cin rabin yini, jiya awa biyu ba kaɗan muka gama har da gyaran gefe. Gida 11 yana shiga, ukun nan masu ƙaramar ƙofa yarona yana yi da tsohon. In Allah ya hore, ƙarshen shekara zan maye gurbinsa da mai inci 21 na 'yan sana'a.

Matsala ɗaya: da sassafe a jiƙaƙƙiyar ciyawa tayar dama tana sulɓi in na zo juyawa, kamar yadda Yaya Mai Gangara ya faɗa. Da rana babu komai.

Mai Gangara:
Halinsa ne, amma ana rage shi. Gidajen da ke da gangara ko inuwa mai yawa ka mayar da su bayan hantsi, ka fara da shimfiɗaɗɗun da rana take bugawa da wuri. A gangara kuma ka riƙa yanka a kwance, gefe zuwa gefe, kada ka hau ka sauko.

Bakanike:
Tunda gefe ɗaya ne kawai, ba raɓa kaɗai ba ce. Sabon bel yana ɗan miƙewa a makon farko. Duba sifirin da ke jan fulin matsi na dama, ka gwada shi da na hagu, in ya saki ka matsar da shi rami na gaba ko ka canza. Goge cikin kwarin fuli da busasshen tsumma, kada giris ko mai ya taɓa wurin. Ka auna iskar tayoyin baya ma, su zama daidai da juna. In ka yi duk wannan bai daina ba, ɗauko hoton fulin daga gefe ka turo in gani.

Sabon Shiga:
To Oga. Gobe da safe kafin mu fita zan duba sifirin ɗin, in turo hoton.